Shekarar da Na Sa Aka Taya Ni

Ladi, Haruna, da ke auta Talatu, akwai labarin da kuka tashi kuna ji a kaina tun kuna rarrafe: wai mutanen Kaduna sun zo da kuɗi za su saye ni, ni kuwa na dafa ƙirji na ce Kafanchan ce ta haife ni, ba inda za ni. Ni na fara ba da labarin nan, kuma ni nake zuba masa taki. A bakina kuɗin sun fara da cika ambulan, suka koma jaka, bara a bikin Ladi na ji kaina ina cewa da a-kori-kura aka kawo su. Kun yi dariya, ni ma na yi. To ku gyara zama, don abin ba haka ya faru ba.

Bayan rikicin da ya tashi a garinmu a 1987, mutanen da suke cin kasuwa tare tun kakanni suka koma gaisuwa daga nesa. Ƙungiyar 'yan citta, wadda rabinta masu zuwa coci ne rabinta masu zuwa masallaci, ta rasa yadda za ta yi taro ba a tashi baram-baram ba. Shugabansu Baba Ayuba, wani dattijon coci mai ƙaramar murya, shi ya kawo shawarar su haɗa kuɗi su kafa kulob na ƙwallon kwando, ko a samu abu ɗaya da za a yi wa ihu tare. Filinmu dandamalin siminti ne da ake shanya citta a kai. Da kaka sai mun share kafin mu yi wasa, kuma duk baƙon da ya zo karawa da mu minti goma na farko atishawa yake yi. Ina rantsuwa mun ci wasanni uku da atishawa kawai.

Ni ne kyaftin, saboda tsawo ba saboda hankali ba. Mamata ta ce ranar da ta haife ni kaina ya fito da safe, ƙafafuna sai bayan azahar. Amma wanda yake tuƙa kulob ɗin shi ne Buba, ɗan Fulanin da suka daɗe da zama a bayan gari, gajere siriri, wanda in ya tsaya kusa da ni sai ka ce na fito da sanda. Buba ba ya kallon wanda zai ba ƙwallo. Zai dubi gabas, ƙwallo ta iske ni a yamma, daidai inda hannuna yake, ni ban ma san na ɗaga hannun ba.

"Kai kaɗo," haka yake ce mini, "buɗe hannu kawai. Tunanin nawa ne, tsawon naka."

"Ɗan Fillo, ranar da na zauna a kanka ko gawa ba za a samu ba."

Mutane suna zuwa kallon wasa, amma da yawansu wannan zagin namu suke zuwa ji. A wancan lokacin, ganin ni Bitrus da shi Buba muna zagin juna muna tafawa ba ƙaramin abu ba ne a Kafanchan.

Shekara biyu bayan kafa kulob muka shiga gasar da ake biyan 'yan wasa albashi, kuma gasar tana da dokoki biyu da dole ku gane su. Ta farko, an yanka wa kowane kulob iyakar abin da zai kashe a albashin 'yan wasansa gaba ɗaya, don kada masu kamfanoni su kwashe gwanaye su bar irinmu da guragu. Mu muna ce wa wannan tukunya. Girmanta ɗaya ne ga kowa, ka raba yadda ka so, amma ba ka ƙara mata ko cokali. Ta biyu, in kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, wani kulob yana iya taya shi a rubuce. In ya sa hannu, kulob ɗinsa na da kwana goma sha huɗu: ko su biya daidai abin da aka taya su riƙe shi, ko su sake shi ya tafi. Ɗaurin talala ke nan. Kana yawo, amma igiyar tana hannun maigida.

Kwantiragina ya ƙare da kakar wasan wannan shekarar. Maman ku Rifkatu tana da cikin Ladi, ɗaki ɗaya muke a gidan Mama, kuma ƙafafuna a waje suke kwana. Dama manajan kulob ɗin wata masaƙa a Kaduna ya taɓa tare ni bayan wasa ya ce in na shirya in neme shi. Wata safiya muna tsakar gida, Mama da Rifkatu suna tsaga citta za a kai shanya, na ba su labarin a matsayin abin dariya, har da dokar kwana goma sha huɗu. Mama ta ajiye wuƙa. Kakarku ba ta yi boko ba, amma shekara talatin tana kai citta kasuwar Kachia, kuma ba a taɓa yi mata wayo sau biyu ba.

"Sake faɗa," ta ce. "In wani ya taya ka, dole sai maigidanka ya ji tukuna?"

"Haka ne, Mama."

"To ai wannan cinikin citta ne. Mene ne sabo a ciki?"

Ga yadda suke yi a Kachia. Kowace mai citta tana da dillalin da ta saba da shi, kuma ba ta sayar wa baƙo sai ta koma ta gaya masa abin da aka taya. In dillalin ya cika matsolanci, sai ta nemo wani ya zo ya tsaya kan buhunta, ya fasa citta ɗaya ya shinshina, ya taya da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ita ba ta da niyyar sayar masa. Tana so ne kawai nata dillalin ya ji kunya ya ƙara. In an gama, ta ce wa baƙon albarka, kowa ya kama gabansa, ba wanda ya yi fushi, don kowa ya san wasan.

"Je Kaduna su taya ka," in ji Mama. "Ayuba ya ji, ya ƙara. Ba inda za ka. Ka ce musu albarka ka dawo gida."

Rifkatu ba ta ɗaga kai daga citta ba. Ta ce, "Mama, in dillali ya ƙara, daga aljihunsa ne. Baba Ayuba in ya ƙara, daga ina zai ɗauko?"

"Ke yarinya, mutanen citta suna da kuɗi. Kina ganin Ayuba da tsohon keke, kar ki yarda."

Na san amsar tambayar maman ku. Na san da tukunya, ni ne kyaftin, a gabana aka karanta dokar. Amma na ce wa kaina doka a ƙasar nan roba ce, ana ja tana miƙewa. Na yi wani barkwanci a kan keken Baba Ayuba, Mama ta yi dariya, maganar ta wuce.

Jirgin ƙasa na hau zuwa Kaduna. Manajan ya karɓe ni da lemo mai sanyi, ya rubuta mini ninkin albashina. Kafin in sa hannu ya ce in leƙa yaransa suna atisaye. A Kafanchan ni ne rimi. A can na ga mutum huɗu masu tsawona, biyu sun fi ni, kuma suna gudu kamar an kunna musu wuta a wando. Na tsaya bakin fili na gane abin da ban taɓa yarda in gane ba: ni ba gwani ba ne, dogo ne mai Buba. In na zo nan, benci zan ɗumama shekara guda su sallame ni. Amma ai ba zuwa zan yi ba, tayi kawai na zo karɓa. Na koma ofis na ɗauki biro.

"Ka karanta dai ko?" in ji manajan. "In ka sa hannu an gama. Ko mu, ko su a kan wannan kuɗin."

"Ranka ya daɗe, ni da na karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango a zama ɗaya?"

Ya yi dariya, na sa hannu.

Takardar tayin ta isa hannun Baba Ayuba. Sai a rana ta goma ya aiko in same shi a siton 'yan citta da hantsi. Yana zaune kan buhu, takardar Kaduna a cinyarsa, ya sa tabarau ɗinsa mai ɗaure da zare. Bai ce in zauna ba.

"Bitrus, kana so ka tafi?"

"Baba, ni in tafi ina? Kawai dai ka san iyali, Rifkatu ta kusa..."

"To tayi ka je nema, irin na uwarka." Ya gyaɗa kai. "Na gane. Ni ma ɗan kasuwa ne, ban ga laifinka ba. Amma bari in nuna maka inda ka taka. Tukunyarmu a cike take, ba sauran ko ɗigo. In zan biya ka wannan, sai wani ya fita. Ku goma sha ɗaya ne, doka ta ce kada a gaza goma, to mutum ɗaya kawai zan iya cirewa. Na juya lissafin nan kwana goma. Cikin yaran nan duka, albashin mutum ɗaya ne zai cike ramin da ka haƙa."

Bai faɗi sunan ba. Bayan ni, Buba ne ya fi kowa ɗauka.

"Baba, a yaga takardar. Na fasa. Ku bar ni a tsohon albashina, ko ku rage ma."

"Na je har Kaduna wurin masu gasar na roƙi haka. Sun ce da za a yarda, kowa sai ya riƙa yi, dokar ta zama wasan yara. Nan ba Kachia ba ce, ɗana, ba a cewa albarka bayan sa hannu. Hanya biyu ce. Ka ce in sake ka, ka tafi Kaduna da addu'armu, Buba ya zauna. Ko ka ce in riƙe ka, Buba ya tafi. 'Yan kwamiti sun ce a riƙe kyaftin, amma ni na ce sai na ji daga bakinka. Saura kwana huɗu."

Kwana huɗun nan gidanmu ya zama kotu. Rifkatu ta ce in tafi.

"Kai ka ɗebo, kai za ka sha. Innata tana Sabon Tasha a Kaduna, za ta ba mu ɗaki. In sun kore ka bayan shekara, ka yi dako, tsawon nan ba zai rasa amfani ba. Buba shi ke riƙe da uwarsa da ƙannensa tun da shanunsu suka ƙare, ka sani."

Mama kuwa ta ɗora wa kanta laifin. Ta ce, "Ni na ba da shawarar nan, Ubangiji ya gafarta mini. Amma in ka tafi, wa zai tona mini citta? Wa zai tona mini kabari?" Ta faɗi haka sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Kada ku ɗora mata. Na daɗe ina fakewa da wannan maganar tata, amma ba ita ta riƙe ni ba. Mutum huɗun nan masu tsawona da na gani a Kaduna, su suka riƙe ni. Tsoro ne, ba ƙaunar gida ba.

Kuma kullum da yamma ina zuwa atisaye, Buba yana jefo mini ƙwallo. Ya ji labarin tayin, bai ji sauran ba.

"Kaɗo, da gaske za ka tafi ka bar ni da waɗannan masu hannun katako? To Allah ya kiyaye hanya. In ka isa ka aiko mini da yadin shadda."

Sau uku na ja shi gefe zan gaya masa. Sau ukun na ɓige da ba shi labarin wani mutum a jirgi da ya biya wa akuyarsa tikiti.

Ranar ƙarshe na koma sito na ce, "Baba, ku yi yadda kuka ga ya dace."

"A'a. Da bakinka."

"Ku riƙe ni."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ni kuma, da yake in mutum ya fara gangarowa ba ya tsayawa a tsakiya, na ƙara da roƙon kada ya faɗa wa kowa cewa an ba ni zaɓi. Ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma ba zai tallata ni ba, magana tawa ce, in faɗa da kaina. Ya kira Buba ya ce masa tukunya ba ta isa ba. Buba ya ajiye rigar wasa a ninke kan benci, ya gaisa da kowa hannu da hannu har ni, ya tafi.

Abin da ban hango ba shi ne yadda gari zai karanta. Mutane ba su san wata tukunya ba. Abin da suka gani shi ne dattijon coci ya ninka wa Kirista albashi ya kori Musulmi, Musulmin ma da ya fi kowa iyawa. Cikin sati ɗaya sauran Musulmi biyu da ke kulob ɗin suka daina zuwa. 'Yan citta Musulmi suka janye gudunmawarsu. Baba Ayuba ya yi ta bayanin doka, aka ce ai dole ya ce haka. Mutum ɗaya ne wanda da ya tashi ya ce ni na jawo, ga yadda aka yi, da an saurara, kuma mutumin, wato ni, yana can yana ba da labarin yadda ya ƙi kuɗin Kaduna. Don a cikin satin ne wani ya tambaye ni a tasha me ya sa ban tafi ba, na dafa ƙirji, labarin ya fito da kansa, aka tafa mini. Inna, uwar Buba, wadda take kawo wa Mama man shanu duk ranar Juma'a su zauna su yi ta hira da Hausarsu mai karyayyen ƙashi, ba ta sake taka gidanmu ba. Mama ta riƙa ajiye mata kujera har ta gaji.

A fili kuma asirina ya tonu. Ina ɗaga hannu, ƙwallo ba ta zuwa. Wanda ya fi kowa albashi ya koma sandar tuta a tsakiyar fili. Kaka biyu muka ƙara, kulob ya mutu, dandamali ya koma wa citta ita kaɗai. Baba Ayuba ya rasu ba da daɗewa ba, rabin mutanen da ya yi shekara arba'in yana ciniki da su ba su zo jana'izarsa ba.

Sai bayan shekara shida na iya neman Buba. Na same shi a kasuwar Kachia yana yi wa wani Alhaji awon citta, ya yi baƙi, ya ƙara ramewa. Ya sa aka kawo mini fura. Na zauna kan buhu na faɗa masa komai, tun daga wuƙar Mama har zuwa "ku riƙe ni", kuma wannan karon ban sa ko akuya ɗaya a ciki ba. Yana ji yana ɗaure bakin buhu.

"Dogo," ya ce, kuma na lura bai ce kaɗo ba, "kana tsammanin ban iya lissafi ba? Ni nake ƙirga mutum tara a fili ba tare da na waiwaya ba. Ranar da aka ce an ninka maka na san wa zai fita."

"To ka yafe mini."

"Aikin? Na yafe tuntuni. Ka ji tsoro, kowa yana jin tsoro. Da ka zo ka gaya mini ma, wataƙila da ni zan ce ka zauna, matarka na da ciki." Ya ja igiya da haƙori. "Amma an ce Baba Ayuba ya kore ni don ina salla. Na ce ba haka ba ne, aka ce kunya ce irin ta Fulani take hana ni faɗa. Tsohon nan ya shiga kabari da wannan sunan. Kai ke da baki mafi girma a Kafanchan. Ba ni za ka faɗa wa ba, ni na sani. Je ka faɗa musu."

Na yi masa alkawari, kuma na je. 'Yan citta suna taro sau ɗaya a shekara bayan an gama tono, a lokacin sun fara komawa zama wuri ɗaya, ko da yake kowane ɓangare da nasa layin benci. Na nemi izini na miƙe. Tun kafin in yi magana aka fara murmushi, don an san in Bitrus ya miƙe an huta da maganar farashi. Na ce na zo ne in faɗi gaskiya a kan Buba da Baba Ayuba. Wani ya ce, "Yau kuma gaskiya za a yi? Ku riƙe hulunanku!" Na ce tsoro ne ya hana ni zuwa Kaduna, don na ga mutum huɗu masu tsawona. Wurin ya fashe. Wani tsoho har da hawaye, yana cewa, "Huɗu! Baɗi za su zama arba'in!" Na ce ni na ce a riƙe ni a kori Buba. Suka ce kai Dogo ba ka da dama, har mamaci ba ka bari ba. Benci biyun nan, na coci da na masallaci, suna dariya tare, suna tafawa, abin da aka yi shekaru ba a gani ba. Na tsaya ina kallonsu. Da na daure na ƙara minti ɗaya ban yi murmushi ba, da sun yi shiru sun ji. Amma dariyar ta yi mini daɗi, yarana. Na ɗaga hannu na rusuna kamar mai wasa ya gama, na zauna.

Buba yana nan da rai a Kachia, idonsa ya fara rauni. Muna gaisawa in mun haɗu, yana tambayar lafiyarku da sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa tambayata yadda taron ya kasance ba, na tabbata ya ji.

Haruna, kai ne ba ka gado ni ba, fuskarka ta maman ku ce, in ka yi magana ana yarda. Taron 'yan citta na bana in ya zo, ka ɗauki wannan labarin da na rubuta ka je. Ka aika a ɗauko Buba a mota, ka nemo 'ya'yan Baba Ayuba su zauna a gaba. Ka karanta tun daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake inda na ce ku riƙe ni. Zan zo, zan zauna a baya. In ka ga na miƙe zan ƙara bayani, ka ce a zaunar da ni.